Gyaran da Inna Ta Yi wa Baturiya

Shekarun baya, lokacin da shagona na Zongo, nan Yamai, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, na aika kaya ƙasar waje karo na farko. Jiya wani daga cikinku ya tambaye ni ta ina ake farawa, sai abin ya dawo mini kamar yau aka yi shi. Zan ba ku shi daki-daki, don ni ban iya labari a hargitse ba.

Sana'ata kayan fata ce, jakunkunan mata da takalma. Ba ni ke ɗinki ba. Akwai dukawan da nake ba aiki, ni kuma in tsaya a kansu, in duba, in sayar. Karatuna a sertifika ya tsaya, wato ƙarshen firamare, amma duk wanda ya zauna da ni ya san ina son tsari. A shagona jan takalmi ba ya kwana kusa da baƙi. In na ajiye almakashi na dawo na tarar an juya bakinsa, sai na tambayi wanda ya taɓa.

Ina da ƙane da ke zaune a Beljik. Wata shekara ya zo gida, ya koma da jaka ɗaya tsaraba. Wata baturiya mai butik ta gan ta a hannun matarsa, ta tambayi inda aka yi ta. Daga nan magana ta fara. Ta ce a ƙarshen shekara suna da wata kasuwa ta lokacin sanyi, lokacin da kowa ke sayen kado, wato abin kyauta. Ta ce za ta ba kayana teburin bakin ƙofa, inda duk mai shiga zai fara gani, amma da sharaɗi: kaya su iso kafin a buɗe kasuwar. In ba su iso ba, akwai wani ɗan Maroko da ya daɗe yana neman teburin.

Na ce ba komai. Ni da ban taɓa makara sallar asuba a masallacin unguwa ba, kwali ne zai gagare ni?

Wahalar farko ba ma ta duwan ba ce, wato kwastan, ta talla ce. Ta ce a turo mata foto. Na sa aka fito da duk abin da ke shago aka tara tsibi a ƙofa, na sa babbar rigata ta Sallah, na tsaya a baya na dafa kaya. A kasuwarmu haka ake nuna cewa mutum ba ɗan tebur ba ne. Na tura. Ba a jima ba ƙanena ya kira.

"Yaya, ta ce kayan sun yi kyau, amma a cire ka."

"A cire wa?"

"Kai. Kuma jaka ɗaya take so a foto, a kan farin ƙyalle."

"Ɗaya? Mutane su ce ita kaɗai gare ni?"

"Haka take so su ce, Yaya."

Na haɗiye wannan. Sai maganar hatimi ta taso. Shekara da shekaru ina buga wa kayana hatimi mai cewa samfurin Italiya ne. A Yamai in ka gaya wa mace a bayan kasuwa aka ɗinka jaka, sai ta ajiye ta, ta goge hannu. Baturiya ta ce a daina buga shi, a rubuta cewa aikin hannu ne daga Yamai. Ta kuma ce tana son foton hannuwan mai ɗinkin. Na ce to, bari ya wanke hannu ya sa riga mai kyau. Ta ce a'a, yadda yake, da baƙin rini a farce. Ta ƙara da cewa inda ɗinki ya ɗan karkace kada a warware, shi ke nuna mutum ne ya yi, ba inji ba.

Ni kuwa babu abin da na fi faɗa a kansa da dukawa kamar karkataccen ɗinki. Da na kai musu saƙon, babban cikinsu ya ajiye basilla ya yi dariya har da tari.

"Alhaji, ashe duk faɗan nan da muka sha, mu mun riga ka zuwa Turai ne."

Na juya na koma shago.

Akwai kuma kirarin da nake yi wa kayana, wanda duk Zongo an san ni da shi: jakar da jika zai gada. Na ce a rubuta shi da faransanci a rataya wa kowace jaka. Ƙanena ya ce ta ƙi. Wai a can in ka rubuta alkawari, ana iya dawowa a riƙe ka da shi.

Na ce, "Wane ne zai dawo da jaka bayan ya yi jika?"

Ya ce, "Yaya, ba ka san mutanen nan ba. Suna ajiye takarda."

A ƙarshe ta ce takalma ma a bar su, don a sanyin can ba mai fitar da yatsun ƙafa waje. Jakunkuna kawai. A taƙaice, duk abin da nake tinƙaho da shi ta cire, duk abin da nake ɓoyewa ta fito da shi gaba. Na bi, ina cizon haƙora, don teburin bakin ƙofa nake hange.

Daga talla sai takardu. Wani abokina ya haɗa ni da mai fito, wato mutumin da ke shige wa 'yan kasuwa gaba wajen duwan. Bazabarme ne, yana da ɗan biro, wato ofis, a hanyar filin jirgi, yana jin Hausa sarai. Ya zaunar da ni ya ce:

"Alhaji, me zai shiga kwalayen nan?"

"Jakunkunan fata."

"Su kaɗai? Ba abinci, ba magani, ba turare, ba saƙon wata gwaggo?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ni ne fa. Abin da na ce yana ciki, shi ke ciki."

Ya ce, "Kowa haka yake cewa. Amma ka sani, ƙasar da kayan nan za su, ko ɗan guntun nama ba ya shiga. Ko busasshe ne."

Na ce ni baduku nake hulɗa da shi, ba mahauci ba. Na sa hannu.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da mahaifiyata, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane sauran ba. Tun rasuwar mahaifinmu na ɗauko ta daga Damagaram, tana zaune da mu a Banifandu. Duk rayuwarta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta sayar, da su ta raine mu. Kuma ban taɓa ganin mai saye ya tashi daga gabanta ba tare da gyara ba. Ka sayi ƙuli, bayan ta auna sai ta ƙara maka biyu a kai. Ka sayi mai, sai ta ɗan ƙara karkata kwalbar. A wurinta ciniki bai ƙare ba sai an yi wannan. Wanda ya sallami mai saye da daidai abin da ya biya, a ganinta marowaci ne, ko kuma ba ya son a dawo. Ni ɗanta ne na fari, ba ta faɗin sunana. Mai Shago take ce mini.

Shago ya yi ƙanƙanta, don haka a gida na shirya kayan. Na share ɗakin baƙi, na shimfiɗa tabarma, na duba kowace jaka ciki da waje, na nannaɗe ta da ƙyalle, na jera a kwali. Ranar Juma'a na gama. Ban liƙe ba, don ina son in sake dubawa bayan masallaci. Kafin in fita na tara mutanen gida na ce kada wanda ya shiga ɗakin nan. Na faɗa wa matata, na faɗa wa yara. Inna ban faɗa mata ba. Wa ke kafa wa uwarsa doka?

Da na dawo na tarar da ita a ƙofar ɗakin, zaune a kan tabarma da carbi. Na leƙa kwalaye, komai yana yadda na bar shi, ko ƙyalle bai goce ba. Na ɗan ji ƙamshin yaji, na ce daga madafa ne. Na liƙe bakin kwalaye da sikoci. Ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya kai lafiya, Allah ya sa ta dawo." Na ce amin.

Kaya suka tashi a kan lokaci, har da saura. Na yi ta yawo a Zongo ina gaya wa mutane cewa harkar waje ba wuya gare ta ba, tsari kawai take so.

Ina cikin shago da hantsi waya ta yi ƙara. Ƙanena ne, ko sallama bai yi ba.

"Yaya, nama ka sa a kaya?"

"Wane irin nama?"

"Duwan ɗin nan sun riƙe kwalayen duka. Karensu ya zauna a kan kwali ya ƙi tashi. Sun buɗe sun sami nama."

"Fata ce kare ya ji. Ka gaya musu fata daga jikin akuya take fitowa."

"Yaya, sun san bambancin jaka da nama. Sun ce busasshe ne, mai jan yaji, a naɗe cikin takarda."

Na ce ƙarya ne. Na rufe shago na hau kabu-kabu sai biron mai fito. Na shiga da faɗa. Na ce kayana sun bar hannuna a liƙe, in an sami wani abu ciki, to tsakanin bironsa da jirgi aka cusa. Wataƙila wani ya raɓa saƙonsa a kayana. Ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce da Zabarmanci, "Kala suru," wato sai haƙuri. Ya ce sikocin da na liƙa da hannuna shi suka yanka a can, ba a taɓa shi a hanya ba.

"Alhaji, ka koma gida ka yi tambaya. Irin wannan daga gida yake fitowa."

Na ce gidana ba irin gidajen da ya sani ba ne.

Daga nan na wuce wurin dukawa. Na ce wane ne ya ci kilishi a wurin aiki ya manta saura a cikin jaka? Babbansu ya dube ni ya ce, "Alhaji, mu da za mu sami kilishi, har a yi saura?" Sauran suka fashe da dariya. Na fita na bar su.

Na iso gida bayan la'asar, kaina kamar zai tsage. Matata ta kawo abinci, na kasa ci. Inna tana gefe tana tsinkar zogale. Ban gaya mata komai ba, don ba na son ɗaga mata hankali. Can sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Mai Shago, baturiyar nan ba ta aiko da wata magana ba?"

"Wace magana, Inna?"

"A kan kilishin. Na ce wa mai yin ya rage yaji, don na ji an ce ba su iya cin yaji ba."

Na ajiye cokali. Matata ta tashi a hankali ta shige ɗaki, ta ja labule.

Na ce, "Inna, ke kika sa?"

"To wa zai sa? Kai ka sa? Na zauna ina kallonka kana ta naɗe-naɗe kamar mai haɗa lefe, ban ga ka ajiye wa baiwar Allah ko ƙwayar dabino ba. Mace ta aiko tun daga wata duniya ta sayi kaya cike da kwalaye, ka sallame ta hannu sake? A ce ɗan wa?"

"A ina kika sa? Na duba."

"Sama ka duba. A ɗan aljihun ciki na sa, mai zif. Kowace jaka da nata, don duk wadda ta saya ta samu. Na mayar da ƙyallen yadda ka yi, na san halinka."

Kowace jaka. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kuma da kuɗin adashinta ta aika aka sayo mata, na wurin mai kyau.

Jama'a, da wani ne ya yi mini wannan, da unguwa ta ji mu. Amma uwa ce. Na tashi na zaga tsakar gida, na dawo na zauna. Sa'an nan na yi mata bayani a hankali, da muryar da ban san ina da ita ba. Na ce a can akwai doka, nama ba ya shiga. Na ce sun riƙe kayan. Na ce kare ne ya gano.

"Kare? Kare suka sa ya shinshina abincin mutane?"

"Aikinsa ke nan, Inna."

"To su cire su ci mana, su ba matar jakunkunanta."

"Ba za su ci ba. Ƙonewa za su yi."

Nan ta ajiye tiren zogale. Duk bayanin da na yi na teburi da ɗan Maroko bai taɓa ta ba, sai wannan.

"Su ƙone abinci? Abincin da aka yi da bisimilla? Kai, Mai Shago, wane irin mutane ka samo mana?"

Wato a ƙarshe ma ni ne mai laifi.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Tun da takardar da na sa wa hannu ta ce fata kaɗai, kuma an sami abin da ba fata ba, sai suka daina yarda da komai nawa. Suka ce a kawo shaidar cewa fatar jemammiya ce, ba ɗanya ba. Na yi ta zirga-zirga daga wannan biro zuwa wancan, mai fito yana gaba ina biye, kullum yana ce mini kala suru. Ƙanena a can ya bar aikinsa yana bin layi. Aka ci mu tara. Kuma ba zan ce sun zalunce mu ba. An gaya mini dokar tun a Yamai, na ce ni ne fa.

Kullum na tashi sai in tambayi ƙanena ko an buɗe kasuwar. Wata safiya ya ce an buɗe. Ya turo mini foton butik ɗin. Ga teburin bakin ƙofa, ga kayan ɗan Maroko a jere a kai, har da 'yan fitilu.

Kayana sun fito daga hannun duwan lokacin da kasuwa ta kusa watsewa. Kilishi ya daɗe a aljihu a wuri mai ɗumi, mai ya tsattsafo ya ɓata shafin ciki na wasu. Waɗanda suka tsira kuma suna ƙamshin yaji da tafarnuwa. Baturiya ta shanya su a bayan butik, daga baya ta jera su a wani kanta can ciki kusa da ɗakin ajiya. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Shiru kawai ta yi, sanyi ya wuce ba mu ji daga gare ta ba.

Sai da zafinsu ya kusa shigowa ta nemi ƙanena. Ta ce tana son takalma, kaɗan, na gwaji. Ta kuma tambaye shi abin da ya daɗe yana damunta: me ya sa aka sa nama a jaka? Ya yi mata bayanin gyara. Ya ce da ta ji, sai ta ce a gaishe da tsohuwa, amma don Allah kada a sake.

Na kai wa Inna gaisuwar. Ta ce, "Ka gani? Na ce Allah ya sa ta dawo, ga shi ta dawo." Har yau a wurinta kilishin ne ya dawo da ita. Na daina gardama.

Amma ta kafe a kan cewa kaya ba za su fita gidanta ba gyara. Sai muka yi sulhu. Na sa dukawa su riƙa yin 'yan maratayan makulli da ragowar fata. Su ne gyara. Na kai wa mai fito ya rubuta su a takarda, da sunansu da komai, aka nuna kyauta ce. Karo na farko da suka isa, baturiya ta kira ƙanena ta ce an yi kuskure, an turo abin da ba ta ce a turo ba, ta mayar ne ko ta biya? Sai da aka sake yi mata bayani daga farko.

Teburin bakin ƙofa ban same shi ba sai bayan wasu shekaru. Yanzu muna aika kaya wurare fiye da ɗaya, kuma na koyi abin da ya kamata in koya. Abin da ke jawo mai saye a Zongo ba shi ke jawo shi a wata ƙasa ba, sai ka tambaya, ka kuma haƙura da amsar ko da ta ce a cire ka daga foto. Abin da ke takarda shi ne abin da ke kwali, ba ƙari ko na alheri. Kuma in mai fito ya tambaye ka ko akwai saƙon gwaggo, kada ka ce ni ne fa. Ka koma gida ka tambayi gwaggo.

Har yanzu in na tuna foton teburin nan da 'yan fitilu, sai haushi ya taso mini. Ba ni da wanda zan sauke wa, shi ya sa nake ba ku labari.

Inna tana nan da ranta, ta ƙara tsufa. Duk ranar da za a liƙe kwali sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakin.

"Mai Shago, ka sa musu gyara?"

"Na sa, Inna."

"An rubuta shi a takardar?"

"An rubuta."

Sai ta taɓe baki ta ce, "Abin da aka rubuta ai ya zama kaya. Gyara shi ne wanda mutum bai sani ba sai ya je gida."

Sai in ce mata to. Ina jira ta tashi alwala, in rufe ƙofa, in zazzage kowace jaka, in zuge kowane zif. Watan jiya na sami goro.